Salsalar Ƙwayar Cutar da ta Gagari Asibitoci

A watannin Oktoba da Nuwamba na 1960, wata masaniyar ƙwayoyin cuta mai suna Patricia Jevons ta duƙufa a ɗakin bincike na Colindale, a arewacin Landan, tana gwada samfura 5,440 na ƙwayar Staphylococcus aureus waɗanda asibitoci suka aiko. Tambayarta guda ce: a cikinsu akwai wadda sabon maganin nan, metisilin, ya kasa kashewa? Kamfanin Beecham bai daɗe da fito da shi ba, kuma likitoci sun ɗora masa buri mai yawa, domin an ƙera shi ne takanas saboda ƙwayoyin da suka gagari fenisilin. Jevons ta samu uku. Dukansu daga asibiti ɗaya suka fito a kudancin Ingila, ɗaya daga raunin tiyatar wani majinyaci, wata kuma daga yatsar ma'aikaciyar jinya da ke aiki a ɗakin da yake kwance. A Janairun 1961 ta sanar da haka a wata gajeriyar wasiƙa a mujallar British Medical Journal.

Uku a cikin dubu biyar ba abin tayar da hankali ba ne a ido. Amma ita ce rana ta farko da aka rubuta labarin ƙwayar da duniya ta sani yau da MRSA, wato harufan farko na sunanta da Ingilishi, ma'ana Staphylococcus aureus mai bijire wa metisilin. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga a 2022 ta nuna cewa a 2019 kaɗai mutum fiye da 100,000 suka rasu saboda wannan bijirewar tata.

Yawancinmu mun ɗauka cewa bijire wa magani abu ne da ke tsira sabo a jikin duk wanda ya sha magani ba bisa ƙa'ida ba. Akwai gaskiya a ciki, sai dai tarihin MRSA ya nuna wani abu dabam. Ƙwayar ta samu makamin bijirewa ne a cikin zuri'o'i ƙalilan. Sauran aikin kuwa yaɗuwa ce: daga gado zuwa gado, daga asibiti zuwa asibiti, daga nahiya zuwa nahiya. Majinyaci da ma'aikaciyar jinyar da ke cikin wasiƙar Jevons sun riga sun ba da labarin a taƙaice.

Baƙuwar da take 'yar gida

Staphylococcus aureus ba daga daji take zuwa ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ko a fata, lafiyarsa ƙalau. Ita ce ke haddasa maruru da yawancin ƙurajen da ke tara mugunya. Haɗarinta yana farawa ne idan ta samu ƙofa zuwa cikin jiki: wurin da aka yanka a tiyata, allurar ƙarin ruwa da ta daɗe a jijiya, ƙunar wuta, cibiyar jariri. Daga nan tana iya shiga jini, ko ƙashi, ko huhu, ko zuciya. Asibiti kuwa shi ne wurin da aka fi buɗe irin waɗannan ƙofofi, a jikin mutanen da suka fi rauni.

Wani likitan tiyata a garin Aberdeen na Sikotilan, Alexander Ogston, shi ya gan ta a cikin mugunya a 1880, ya lura tana taruwa kamar nonon inabi, ya raɗa mata suna daga kalmar Girkanci mai wannan ma'ana. A 1884 Bajamushe Friedrich Rosenbach ya ƙara mata laƙabin aureus, mai ruwan zinariya, saboda launinta idan an rene ta a faranti. Ita ce kuma ke cikin farantin da Alexander Fleming ya tarar hunhuna ta kashe a asibitin St Mary's na Landan a 1928, abin da ya kai ga gano fenisilin.

Murnar da ta koma ciki

Kafin fenisilin, mafi yawan waɗanda wannan ƙwaya ta shiga jininsu ba sa tashi. Da aka fara amfani da maganin a 1941, sai abin ya zama kamar almara. Murnar ba ta daɗe ba. A 1944 William Kirby ya nuna cewa wasu ƙwayoyin suna fitar da wani sinadari mai datse fenisilin kafin ya taɓa su. A asibitin Hammersmith na Landan, Mary Barber ta riƙa ƙirgawa shekara bayan shekara: kashi 14 cikin 100 sun bijire a 1946, kashi 38 a 1947, kashi 59 a 1948. Abin da ta fahimta shi ne ba kowane majinyaci ke renon tasa ba. Ƙwayoyi masu bijirewa ne ke zagaya ɗakunan jinya, ma'aikata na ɗauke da su a hanci da hannu.

Don a tabbatar da haka, dole a iya bambance wannan ƙwaya da waccan, alhali a madubin bincike duk kamarsu ɗaya. Dabarar zamanin ita ce a zuba musu wasu nau'o'in bairos masu cin bakteriya, kowane da lambarsa, a ga wanne ya cinye wacce. Kamar dai yadda a da ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa: tana nuna gidan da ya fito, ko da ba ta faɗi wanda ya haife shi ba.

Da wannan dabara aka gano annoba ta farko. A 1953 wani iri ya ɓulla a ɗakunan jarirai a birnin Sidni na Ostireliya, yana sa wa jarirai ƙuraje da ciwon huhu, iyaye mata kuma ƙurjin nono. Masaniya Phyllis Rountree ta ba shi lamba 80. An ga ɗan'uwansa a Kanada aka kira shi 81, daga baya aka haɗe su a matsayin 80/81. Kafin ƙarshen shekarun 1950 ya game asibitocin Birtaniya da Amurka. Wannan ne ya sa aka matsu a samo sabon magani, aka fito da metisilin, wanda aka tsara surarsa yadda sinadarin nan mai datsewa ba zai kama shi ba. Irin 80/81 ya ja da baya a shekarun 1960, aka zaci an gama.

Garkuwar da ta riga kibiya

Fenisilin da danginsa suna kashe bakteriya ne ta hanyar ɗaure maginan da ke gina ganuwar jikinta. Idan magina suka tsaya, ganuwa ta tsage, ƙwaya ta fashe. MRSA ba ta datse metisilin. Wani magini na daban take da shi, wanda maganin ba ya iya riƙewa, ana kiransa PBP2a. Umarnin ƙera shi yana rubuce a wata ƙwayar gado mai suna mecA, wadda ba ta cikin gadon Staphylococcus aureus na asali. Aro ta yi daga wasu 'yan'uwanta da aka fi samu a jikin dabbobi. Ƙwayar gadon tana tafiya ne cikin wani ƙunshi da ke iya shiga kundin gadon bakteriya ya zauna, wanda Keiichi Hiramatsu da abokan aikinsa na Jami'ar Juntendo a Tokyo suka fayyace wajen shekarar 2000, suka kira shi SCCmec.

Shekaru da dama an yi imani cewa metisilin ne ya haifi MRSA, tunda a bayansa aka gan ta. A 2017 masu bincike ƙarƙashin Matthew Holden na Jami'ar St Andrews suka karanta kundin gadon tsofaffin samfura 209 na farkon zamanin MRSA da aka adana. Lissafinsu ya nuna cewa kakar waɗannan ƙwayoyi ta samu mecA tun tsakiyar shekarun 1940, kimanin shekara 14 kafin a fara amfani da metisilin. Yawan amfani da fenisilin ne ya ba ta fifiko, domin magininta na aro yana kare ta daga shi ma. Da metisilin ya iso, ya tarar da ita a shirye, ya share mata abokan gasa.

Akwai labarin da ya fi wannan tsufa. A 2022 mujallar Nature ta buga binciken da ya nuna cewa bushiyoyin Turai suna ɗauke da wani nau'in MRSA mai wata ƙwayar gado 'yar'uwar mecA, mai suna mecC, tun ƙarni na 19. A fatar bushiya akwai wata hunhuna mai fitar da sinadarai dangin fenisilin, don haka ƙwayoyin da ke zaune a wurin suka daɗe da samun garkuwa. Wannan nau'i ba shi ne ya addabi asibitoci ba, amma ya tabbatar da cewa ɗan'adam bai ƙirƙiri bijirewa ba. Abin da ya yi shi ne ya ba ta fili da abin hawa.

Gidaje biyar

Zuri'ar da Jevons ta gani ta bazu a Turai a shekarun 1960. A Denmak ta yi ƙarfi sosai a ƙarshen waɗannan shekaru, sannan ta ragu har ta koma ƙasa da kashi 1 cikin 100 a shekarun 1980. Amurka ta ga ɓarkewarta ta farko a asibitin birnin Boston a 1968. Daga ƙarshen shekarun 1970 sai sababbin iri suka riƙa tasowa a wurare dabam-dabam, aka shiga tambaya: daga tsatso ɗaya suke, ko kowanne da asalinsa?

Amsar ta zo ne da aka koma karanta rubutun gadon kansa. A shekarar 2000 Mark Enright da abokan aikinsa suka fito da tsarin karanta ƙwayoyin gado bakwai daga kowane samfuri, a ba shi lamba mai farawa da ST, a tara masu kusanci a gida ɗaya mai farawa da CC. Amfanin tsarin shi ne ɗakin bincike a Lisbon da na Tokyo za su iya kwatanta sakamakonsu ta intanet ba tare da aika samfuri ba. A 2002 suka nuna cewa manyan nau'o'in MRSA na asibitocin duniya daga gidaje biyar kacal suka fito: CC5, CC8, CC22, CC30 da CC45. Ƙunshin SCCmec ya shiga waɗannan gidaje a lokuta dabam-dabam, kuma gidajen dama can ƙwararru ne wajen zama a jikin mutum tun kafin su samu garkuwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: gidan CC30, wanda ya fitar da 80/81 na shekarun 1950, shi ne ya sake fitar da ɗaya daga cikin nau'o'i biyu da suka mamaye asibitocin Birtaniya bayan shekara arba'in.

Tarihin waɗannan gidaje ya yi kama da na masarautu, wannan ta hau, waccan ta sauka. Hermínia de Lencastre a Fotugal da Alexander Tomasz na Jami'ar Rockefeller a Niyok sun shafe shekaru suna bin sawunsu. Irin da aka kira na Iberiya, jikan wanda Jevons ta gani, ya ɓarke a wani babban asibiti a Basalona a 1989, ya mamaye asibitocin Fotugal. Cikin shekarun 1990 irin Burazil ya ture shi. Bayan shekarar 2000 wani daga Ingila ya ture na Burazil.

Irin na Burazil, ST239, ruwa biyu ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na kundin gadonsa daga gidan CC30 ya fito, saura daga CC8. Ya tara garkuwa daga magunguna da yawa, kuma an yi zamanin da shi ne mafi yawan MRSA a asibitocin nahiyar Asiya.

Kuskuren mai kwafe

Ƙwayoyin gado bakwai suna faɗin gida, amma ba sa faɗin wa ya ba wa. Kundin gadon wannan ƙwaya yana da haruffa kimanin miliyan 2.8, kuma duk lokacin da ta rabu biyu sai ta kwafe shi gaba ɗaya. Jefi-jefi takan yi kuskuren harafi ɗaya, 'ya'yanta su gaji kuskuren. Wanda ya san tsofaffin littattafan da aka kwafa da hannu ya san wannan hanya: idan kwafi biyu suka yi tarayya a kuskure ɗaya a wuri ɗaya, to daga uwa ɗaya aka kwafo su.

A 2010 Simon Harris da abokan aikinsa na Cibiyar Sanger, kusa da Kambirij, suka buga a mujallar Science abin da suka samu bayan karanta kundin samfura 63 na ST239. Guda 43 an tattaro su daga ƙasashe dabam-dabam tsakanin 1982 da 2003, guda 20 kuma daga asibiti ɗaya a arewa maso gabashin Tailan cikin wata bakwai. Sun gano cewa ƙwayar tana tara sabon kuskure ɗaya kusan kowane mako shida, wato tana da agogo a jikinta. Bishiyar nasabar da suka zana ta rabu bisa nahiyoyi, amma da rassan da suka tsallaka teku: na Fotugal ya fito daga cikin na Kudancin Amurka, wanda kuma ya ɓarke a sashen kulawa ta musamman na wani asibiti a Landan ya fito daga cikin na Asiya. A asibitin Tailan, majinyata biyar da samfuransu suka fi kusanci sun kwanta a gine-gine maƙwabtan juna.

Haka aka yi wa nau'o'i biyu na Birtaniya. EMRSA-15, ɗan gidan CC22, ya samo asali a tsakiyar Ingila a tsakiyar shekarun 1980. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ya samu garkuwa daga sifurofuloksasin, wanda aka fi sani da Cipro, daidai lokacin da maganin ke shiga asibitoci. Duk majinyacin da aka ba shi, sai maganin ya rage ƙwayoyin da ke fatarsa da hancinsa, ya bar wa EMRSA-15 wurin zama. Daga Ingila ya kai Jamus da Fotugal da Singafo da Ostireliya. EMRSA-16 kuwa, wanda aka fara gani a garin Kettering a farkon shekarun 1990, binciken 2012 ya nuna manyan asibitocin Landan da Glasgow ne suka riƙa rarraba shi zuwa ƙananan asibitoci. Dalilin a fili yake: can ake tura marasa lafiya masu tsanani daga ko'ina, daga can kuma ake mayar da su. Taswirar yaɗuwar ƙwayar ita ce taswirar tura majinyata.

Jarirai a Kambirij

A 2011 ma'aikatan hana yaɗuwar cuta a asibitin haihuwa na Rosie, a Kambirij, suka samu jarirai 12 ɗauke da MRSA cikin wata shida a sashen kula da jarirai marasa lafiya. Akwai tazara tsakanin wasu, don haka ba a tabbatar ko annoba ɗaya ce ko dace ba. Da Sharon Peacock da abokan aikinta suka karanta kundin gadon samfuran, sai suka ga sabon iri ne ɗan gidan CC22, kuma ya riga ya kai ga wasu iyaye har wajen asibiti, jimilla mutum 26.

Aka wanke sashen tas. Bayan kwana 64 sai ga wani jariri da ita, kuma kundin ya nuna irin nan ne dai. To, ina ta ɓuya wata biyu? Aka gwada ma'aikata 154, aka samu mutum ɗaya yana ɗauke da ita ba tare da wata alama ba. Masu binciken ba su ce shi ya kawo ta tun farko ba, domin zai yiwu daga jarirai ya ɗauka. Aka yi masa maganin kawar da ita daga jikinsa, annoba ta tsaya.

Abin da ya karya lagonta

A Ingila, MRSA ba ta kai kashi 2 cikin 100 na cututtukan jini na Staphylococcus aureus ba a 1990. Wajen 2000 ta haura kashi 40. Gwamnati ta wajabta wa asibitoci bayar da rahoto daga 2001, kuma a 2004 ministan lafiya John Reid ya sa ƙudurin rage adadin da rabi. Aka ajiye sinadarin goge hannu a gefen gadaje, aka riƙa gwada majinyata tun ranar kwantarwa, aka keɓe masu ɗauke da ita, aka gyara yadda ake sa allurar jijiya da kula da ita, aka taƙaita Cipro da danginsa. Daga kimanin 7,700 a shekarar lissafi ta 2003/04, adadin ya faɗi ƙasa da 1,000 a 2012/13.

Ba duka yabon ne na gwamnati ba. Wani bincike a asibitocin Oksfod ya nuna EMRSA-16 ya fara raguwa tun kafin a tsananta matakan, kamar yadda zuri'o'in baya suka hau suka sauka. Amma misalin Holan ya ƙarfafa hujjar. Tun shekarun 1980 suke bin tsarin nemo ta a kawar: duk wanda ya kwanta a asibitin wata ƙasa, a keɓe shi har sai gwaji ya wanke shi. Nau'o'in da suka mamaye maƙwabtansu sun sha shiga ƙasar, ba su samu gindin zama ba. A ƙasashen biyu ba sabon magani ne ya yi aikin ba. Hanya aka tare.

Rassan da ke Afirka

Afirka tana cikin wannan bishiya. Binciken da Marc Stegger da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya nuna cewa ST80, wanda ya yaɗu a cikin jama'a a Turai da Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, kakansa wata ƙwaya ce daga Afirka kudu da Sahara wadda metisilin ke kashewa, daga baya ta samu ƙunshin SCCmec. Wani kuma, ST88, an same shi a Najeriya da Gana da wasu ƙasashen nahiyar, har masana suka laƙaba masa sunan irin Afirka. Ƙididdigar Lancet ta 2022 ta sa yammacin Afirka a gaban kowane yanki na duniya wajen yawan mace-mace saboda bijirewar ƙwayoyin cuta gaba ɗaya, mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Najeriya ta fitar da shirinta na ƙasa na farko kan wannan matsala a 2017.

Idan ana maganar a nan, akan tsaya ne kan masu sayen magani a kemis ba takardar likita da masu yanke shansa a tsakiya. Wannan matsala ce ta gaske, ita ke share wa mai garkuwa fili. Amma tarihin da ke sama ya nuna rabin labarin ne. Ɗaya rabin yana cikin ɗakin jinya: ko famfo na kawo ruwa, ko akwai sabulu, tazarar da ke tsakanin gadaje, yawan majinyatan da ma'aikaciya ɗaya ke dubawa, 'yan jinya da ke taimaka wa nasu da na maƙwabcin gado, kwana nawa allurar ƙarin ruwa ta yi a hannu. Manyan asibitocin koyarwa namu suna karɓar majinyata daga jihohi da dama su mayar da su, daidai matsayin da asibitocin Landan da Glasgow suka riƙe. Takardar tura majinyaci da ta faɗi irin ƙwayar da aka samu a jikinsa ba ta buƙatar na'urar karanta kundin gado. Ɗakin gwajin da ke rena samfuri, ya gwada magunguna a kansa, ya adana shi, shi ne farkon komai. Binciken 2017 bai yiwu ba sai don wasu sun ajiye samfuran zamanin Jevons fiye da shekara hamsin.

Zuri'ar da za ta mamaye asibitocin wata ƙasa nan da shekara ashirin, mai yiwuwa tana nan yanzu a hancin mutane ƙalilan, kamar yadda ta farko ta yi shekara goma sha huɗu ba wanda ya san da ita. Wanda ke ƙirgawa shi zai fara ganinta tun tana uku cikin dubu biyar.